Ranar da Darakta Ya Zama Gwamnati

Da mijina ya rasu, Allah ya jiƙansa, abu uku ya bar mini: yara, da farar a-kori-kura, da ƙaninsa. Yaran suna jin magana. Motar tana tashi in an lallaɓa ta. Na ukun ne har yau ban gano inda birkinsa yake ba.

Darakta ake ce masa. Ya samo sunan ne tun lokacin da wani ofis ya ɗauke shi jera kujeru na ɗan lokaci, ya dawo gida da kwat ta gwanjo da baƙin tabarau da jakar hannu. Na taɓa buɗe jakar ina neman ashana. Tsohuwar jarida ce a ciki da cokali.

Da motar nan marigayi ya ciyar da mu. Dako yake yi a kasuwa, kuma kullum da safe kafin ya tayar da ita sai ya durƙusa ya goge lambarta da tsumma, gaba da baya. In na yi masa tsiya sai ya ce ita ce fuskar motar, ba ya fita da ita ba wanki. Ni ban iya tuƙi ba. Saboda haka da Inna, wato surukata, ta roƙe ni in bar autanta ya ci gaba da dakon don yaran su samu abin kai wa baki, na ba shi makulli. Ya ɗaure shi a mazagin wandonsa, da shi yake kwana.

Ba a daɗe ba ya dawo wata rana da yamma yana huci, ya ajiye jakar a kan turmi.

"Matar Yaya, kin san abin da ke damun motar nan?"

"Direbanta."

"Lambarta. Lambar talakawa ce. Duk wanda ya sa kaki sai ya ɗaga mini hannu. Yau wani ɗan ƙaramin jami'i ya tsayar da ni cikin rana kamar mai tallan ruwa. Ni. Da a ce lambar gwamnati gare ni, ƙamewa zai yi ya sara mini."

"To gwamnati ta ɗauke ka aiki ne?"

"Ba sai ta ɗauke ni ba. Fenti ne da faranti."

Na ce masa da kunnena na ji a rediyo an kafa doka. An haramta duk wata lambar kwaikwayo mai kama da ta gwamnati, kuma motar da aka kama da ita ta tafi kenan, ƙwace ta za a yi. Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi.

"Wannan dokar ta masu aikin banza ce. Tawa sai ta fi ta gaskiyar kama da gaskiya."

"Ban yarda ba."

"Na ji," ya ce. Daga yadda ya faɗa na san bai ji ba.

Washegari ina wanki sai na ji layinmu ya kaure. Na leƙa. Tela maƙwabcinmu ya rungumi keken ɗinkinsa yana ja da baya cikin shago. Mai lemo ta kife tirenta a kai ta shige gidan da ba nata ba. Mata suna jan awaki ta ƙafa. Sai ga motar mijina ta shigo a hankali kamar amarya, ɗauke da sabuwar lamba shuɗiya mai farin rubutu da tambari a gefe, tana sheƙi. Darakta ya fito ya gyara kwat.

"Kin ga kwarjini?"

Tela ya leƙo ta bayan ƙofa, ya ƙare wa motar kallo.

"Ashe kai ne. Allah ya isa tsakanina da kai, na karya allura. A ina ka samo wannan lambar?"

Darakta ya ba da labari yana kaɗa makulli. Wai yana tsaye a bakin kasuwa ya ga wata farar a-kori-kura irin tamu ta shigo, kowa ya miƙe, hanya ta dare, ko mai baro bai tsaya gabanta ba. Ya ce a ransa wannan motar babban mutum ce. Ya ɗauki hoton lambarta da waya, ya kai wa Mai Fenti, mai rubuta alluna, ya ce a yi masa irinta sak.

Tela ya zauna a bakin shago ya riƙe ciki.

"Darakta, motar 'yan kwashe ce. Masu kwashe kayan wanda ya kasa a bakin hanya, da kama awakin da ke yawo. Gudu ka ga ana yi, ba girmamawa ba."

"Gwamnati dai gwamnati ce," in ji Darakta. "Kai da keken ɗinki me ka sani?"

Na tambaye shi ina lambar mijina. Ya ce ya ba Inna. Na shiga ciki na tarar ta rufe tulun ruwa da ta gaban, ta bayan kuma tana fifita gawayi da ita. Na karɓe su, na goge, na naɗe a tsohon rawanin marigayi na sa a jakata. Na ce a cire wancan abin yanzu. Inna ta ce, "Haba 'yar nan, ki bar yaron ya gwada. Tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa kauce masa a hanya." Makulli yana wandonsa, uwarsa tana bayansa. Sai na ce to, duk inda motar nan za ta sa ƙafa, da ni za a je. Tun daga ranar nake zama a gaba, jaka a cinya.

Gara in faɗi halin Mai Fenti tun yanzu. Gwani ne, ba ƙarya. In ka ba shi hoton kaza zai zana maka ita har ka ji kamar za ta yi ƙwai. Amma bai taɓa barin aiki ya fita daga shagonsa ba sunansa ba. Allon shago, bangon makaranta, bokitin masallaci, duk sai ya sa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: aikin wane, ga lambar waya. Ya ce aikin da ba suna marayan aiki ne. Na san halinsa, amma ranar hankalina bai kai in duƙa in duba ba.

Da safe muka tafi kasuwa neman dako. Jami'in da ya tsayar da shi rannan ya hango mu, ya ƙame ya sara. Darakta ya kusa hawa kan wani mai keke don murna.

"Kin gani? Kin gani da idonki?"

"Na gani. Dubi gabanka."

Muna shiga kasuwa ta watse. Masu tumatir suka tattare tabarmi da kayan a ciki. Wani mai takalma ya gudu da ƙafa ɗaya na kowane takalmi. Darakta ya tsaya a inda marigayi ya saba tsayawa, ya fito yana kiran masu kaya su kawo. Kowa ya ƙara nisa. Wani dillalin hatsi da ya shekara yana ba mijina dako ya leƙo ta tagar shago ya ce da ni, "Baiwar Allah, duk duniya ki rasa wanda za ki sayar wa motar nan sai waɗannan?" Kafin in ba shi amsa ya rufe tagar. Muka wuni ko buhu ɗaya ba mu ɗauka ba. Ruwan sha ma ba mu samu mai sayar mana ba.

"Haka manyan mutane suke," in ji Darakta, leɓensa a bushe. "Ba a cika kusantarsu ba."

Za mu tafi kenan na ji motar ta girgiza. Na waiwaya. Wata tsohuwa ce ta hau baya da sandarta, ta miƙe ƙafa ta zauna.

"Iya, lafiya?" in ji Darakta.

"Akuyata. Baƙa mai farin goshi. Ku kuka ɗauke ta, wannan lambar ce, jikana ya karanta mini. Ba na sauka sai da ita."

Na taɓa shi na ce ya faɗa mata gaskiya. Ya buɗe baki, sai ya ga mutane sun fara matsowa suna kallonsa. Ya gyara tabarau.

"Za a duba lamarinki, Iya."

Shi kenan. Wani mai baro da aka ɗauke wa baro ya hau. Mai gyaran takalmi da aka tafi da bencinsa ya hau. Wata mai sayar da kwanuka ta hau da goyo. Kowa yana faɗin nasa, Darakta yana gyaɗa kai yana cewa an ji, an ji, ofis ya san da maganar. Da su muka koma gida.

A ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida ya buɗe ofis. Ya ari kujerar Tela, ya ɗora jaka a gwiwa, ya sa suka yi layi. 'Yan layinmu sun san komai, amma ba wanda ya tona, don rabon da a samu abin kallo kyauta irin wannan an daɗe. Tela ma har ƙara wa wutar itace yake yi.

"Ranka ya daɗe, ni ma iska ta tafi da tsummana bara, ko ofis zai duba?"

"Bi layi," in ji Darakta.

Masu ƙara ba su tafi ba. Washegari suka dawo da 'yan'uwansu. Inna ce ke ba su ruwa, tun tana murmushi tana cewa autanta ya zama mutum, har ta fara ajiye kofi da ƙarfi. Yarana kuwa abin da ya rage a buhu muke ta karkaɗewa, don motar ba ta kawo komai ba sai baƙi.

Tsohuwar nan ita ta kawo ƙarshen haƙurin Inna. Ta shiga gida neman wurin alwala, ta ga akuyar Inna a ɗaure, ta kwance ta.

"Wannan ba baƙa ba ce," in ji Inna. "Ja ce. Ko makaho ya shafa ya san ja ce."

"Na sani. Riƙe ta zan yi har ɗanki ya kawo tawa."

Suka kama igiya, wannan na ja, wannan na ja, akuya na kuka a tsakiya. Inna ta saki, ta juya kan Darakta da muciya a hannu.

"Auta, ko ka dawo mini da akuyata ko in manta ni na haife ka."

Ya ja da baya har ya taka jakarsa. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce gobe da safe zai kwashi kowa da kowa zuwa babban ofis, zai yi magana da abokan aikinsa, kowa ya karɓi kayansa. Aka yi ta sa masa albarka.

Na ja shi gefe.

"Waɗanne abokan aiki?"

"Matar Yaya, ofis ba a shigarsa da sani, da kwat ake shiga. Ki bar ni da su."

"Za ka kai motar mijina har gidan masu ƙwace ta?"

"Wa zai ƙwace motar gwamnati a gidan gwamnati?"

Ban runtsa da daɗi ba. Da safe na riga kowa shiga mota. Bayanta ya cika: tsohuwa da akuyar Inna, mai baro, mai benci, mai kwanuka, har da Tela, wanda ya rufe shago ya ce ko ɗinkin sarki ne yau ya jira.

Tun daga nesa na ga ba lafiya. Filin gaban ofishin ya cika da jama'a. An kafa rumfuna, an jera kujeru, ga lasifika, ga masu ɗaukar hoto. A tsakiya an tara lambobin mota tsibi guda, kusa da su motar daɓen titi tana jira. An rataya ƙaton ƙyalle an rubuta cewa yau ake fara aiki da dokar hana lambar kwaikwayo.

"Darakta, juya."

"Ba wurin juyawa."

Da gaske babu, motoci sun biyo mu a baya. Masu gadi suka dubi lambarmu, suka sara, suka buɗe mana hanya. Wani ya ruga gabanmu yana nuna mana wuri, har ya ajiye mu a farkon layin motocin gwamnati, dab da rumfar manya. Ya dubi mutanen da ke baya ya tambaya ko waɗanda aka kamo ne.

"Baƙina ne," in ji Darakta.

Aka ba shi kujera a sahun gaba, aka kawo masa ruwan roba mai sanyi. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya waiwayo ya kashe mini ido. Ni ina tsaye jikin mota, na rungume jaka.

Shugaban ofishin ya hau ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce masu lambar kwaikwayo sun addabi gari, suna wuce shinge ba bincike, suna tsorata talakawa, wasu har laifi suke yi a ɗora wa ma'aikata. Ya ce daga yau duk motar da aka kama, janwe ne zai ja ta. Darakta ya fi kowa tafi. Har cewa yake, "A gaya musu dai."

Sai Shugaban ya ce zai nuna wa jama'a yadda ake bambanta ta gaskiya da ta jabu. Ya ɗauki ɗaya daga cikin tsibin, ya sauko da abin magana a hannu, masu hoto na bin sa. Ya bi layin motocin da ido. Duk lambobinsu sun yi ƙura, sun koɗe. Guda ɗaya ce ke walƙiya.

Ya tsaya gaban motar mijina.

"Ku dubi wannan ta hannuna, ku dubi wannan. Ku ga tambari yadda ya fito. Ku ga rubutu a miƙe. Wannan ita ce lambar gwamnati. Ɗan jabu ko ya shekara yana gwadawa ba zai yi irinta ba. Wa ke riƙe da motar nan?"

Darakta ya miƙe ya rusuna wa jama'a ta kowane gefe.

"Madalla da kai," in ji Shugaban. "Haka ake kula da kayan gwamnati."

Tela ya cusa hularsa a baki.

Ana cikin tafi sai aka ji ham ɗin mota. Wata farar a-kori-kura ta shigo a makare, duk ta lotse, bayanta cike da awaki da barori da benci. Ba sauran wuri sai gefenmu, nan ta tsaya. Direban, wani dogo mai furfura, ya fito yana share gumi. Tafi ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Motoci biyu farare, gefe da gefe, lamba ɗaya, ko ɗigo bai bambanta ba. Sai dai tasa ta lanƙwashe a kusurwa, fentin ya kankare, waya ce ma ta riƙe ta.

Shugaban ya dubi wannan, ya dubi waccan.

Na ce a raina yanzu Darakta zai roƙi gafara. Sai na ga ya gyara kwat ya tako.

"Ranka ya daɗe, ga irin abin da kake faɗa. Har cikin gida suka biyo mu. Dubi aikin banza, ko kunya babu." Ya nuna dogon direban. "Kai, wa ya buga maka wannan?"

Direban ya saki baki.

"Ni? Tun motar nan tana sabuwa nake tuƙa ta."

"Haka dukansu suke cewa."

Jama'a suka fara ihu a kama shi. Mai baro da mai benci sun fi kowa, don sun hango kayansu a bayan motarsa. Tsohuwa ta daka tsalle ta sauko kamar yarinya tana kiran baƙar akuyarta. 'Yan sanda biyu suka riƙe direban ta hannu, yana rantsuwa yana kiran sunayen 'yan ofis ɗaya bayan ɗaya su zo su shaide shi. Shugaban kuwa yanzun nan ya gama yabon tamu a gaban masu hoto, ba halin janyewa. Ya sake nuna tamu ya ce, "Ai ko yaro ya ga wannan ya san daga ma'aikatar buga lamba ta fito."

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ba daga can ta fito ba."

Mai Fenti ne. Ashe shi aka ba aikin rubuta ƙyallen taron, yana tsaye a gefe da fenti a hannun riga. Ya kutso yana murmushi, ƙirji a gaba.

"Tun ɗazu nake jin ana yabo ba a faɗi mai aikin ba. Aikina ne. Ga sunana nan a ƙasa, ƙarƙashin tambari, da lambar waya. In an duba ƙyallen can ma akwai."

Darakta ya yi masa alama da ido, da gira, da kafaɗa. Mai Fenti ya ɗaga masa hannu.

"Darakta, ban ce maka sai an yaba ba?"

Shugaban ya sa tabarau ya durƙusa. Ya manta abin magana na bakinsa, ya karanta sunan da lambar wayar, lasifika ta kai wa duk filin. Dariyar da aka yi har awaki sai da suka firgita. 'Yan sandan suka saki dogon direba, suka kama Darakta da Mai Fenti.

"Ranka ya daɗe, gwaji ne," in ji Darakta. "Na yi ne in ga ko ma'aikata suna lura."

"A kawo janwe," in ji Shugaban, fuskarsa ba annuri.

Nan dariya ta ƙare mini. Janwe ya taho da baya, sarƙa na lilo. Wani ya kwanta zai maƙala ƙugiya a ƙarƙashin motar, daidai inda marigayi yake durƙusawa da tsummansa. Ban san lokacin da na isa gaban motar na tsaya ba.

"Ke kuma wace ce?" in ji Shugaban.

"Mai motar. Mijina ya rasu ya bar wa 'ya'yansa ita. Wancan ƙaninsa ne, shi ma gado na ci shi."

Na kwance rawanin na fito da lambobin biyu. Na ce ga fuskarta ta gaskiya. Na ce na hana, ba a ji ba, makulli kuma yana ɗaure a wandonsa, in ana shakka a duba.

"To me ya sa kike binsa a ciki?"

"Gadinta nake yi. Ban yi karatu mai nisa ba, ranka ya daɗe, amma na ji dokarku a rediyo, na kuma yarda da ita. Wannan shuɗin abin ya hana 'ya'yana cin abinci tun ranar da aka manna shi. Ku tafi da shi. In kuna so ku haɗa da mai kwat ɗin. Motar dai ku bar wa marayu."

Tsohuwa ta matso, akuya a kowane hannu.

"Gaskiya ta faɗa. Ni na zauna a gidansu, yarinyar nan ba ruwanta. Uwarsa ce ta lalata shi."

Dogon direban ma ya sa baki, ya ce ya san motar, ya san marigayi, ba ya taɓa tare hanya in yana sauke kaya. Shugaban ya dubi masu hoto, ya dubi janwe, ya dube ni. Ina jin so yake taron ya tashi kafin wani ya sake tuna masa yabon da ya yi. Ya ce doka ta zo ne don maƙaryata, ba don marayu ba. Motar ta koma hannun mai ita, amma wanda ya manna lambar shi zai cire ta da hannunsa a gaban kowa.

Aka ba Darakta abin kwance noti. Ya durƙusa cikin kwat, notin ya ƙi. Mai Fenti daga hannun ɗan sanda yana ce masa ya yi a hankali kar ya kankare fentin. Da ya cire, aka sa shi ya ɗaura ta mijina, gaba da baya, sannan ya kai shuɗayen ya ajiye a kan tsibi. Motar daɓe ta bi ta kansu. Mai Fenti ya kau da kai kamar ana yanka ɗansa.

Saura makulli. Ƙullin mazagin ya cije, sai da Tela ya ciro almakashi daga aljihu ya yanke. Darakta ya bi 'yan sanda hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya riƙe da jaka.

Masu ƙara kowa ya karɓi kayansa a ranar, don Shugaban ya ce a sallame su su tafi. Dogon direban ne ya tuƙo mu gida, akuyar Inna a baya. Da muka shigo layi ba wanda ya gudu. Mai lemo ma ɗago hannu ta yi.

Hukuncin da aka yanke wa Darakta aikin gari ne na wani lokaci, kuma a wajen 'yan kwashe aka tura shi. Yanzu kullum yana cikin waccan motar, mai lambar gwamnati ta gaskiya, a baya, yana riƙe awaki kar su yi tsalle. In sun biyo ta layinmu sai ya gyara tabarau ya ɗaga wa mutane hannu.

"Tela, ban gaya maka ba? Ga ni a motar gwamnati."

"Na gani, ranka ya daɗe. Abokin aikinka na cin kwat ɗinka."

Mai Fenti kuwa an sa shi rubuta allunan gargaɗi a kan dokar, a kafa a manyan hanyoyi. In ka duƙa za ka ga sunansa a ƙasan kowanne.

Makullin yana wuyana yanzu. Dogon direban yana koya mini tuƙi in ya tashi daga aiki, na riga na rushe wa Tela benci ɗaya, dillalin hatsi kuma ya ce buhunansa na jirana. Kullum da safe nakan durƙusa in goge lambar da tsumman marigayi. Rannan ina gogewa Darakta ya tsaya a kaina da jakarsa.

"Matar Yaya, na yi wani tunani. Motar asibiti fa, kin ga yadda ake ba ta hanya? Jiniya ce kawai da…"

Na miƙa masa tsumman na ce ta baya ba a goge ba.